Kocin da Uwaye ke Yarda da Shi

Cleon Pettway ya yi shekara talatin da ɗaya yana koya wa samarin jami'a ƙwallon Amurka, wato yadda za su tare mai gudu riƙe da ƙwallo su maka shi da ƙasa, amma ko sau ɗaya jarida ba ta taɓa sa hotonsa shi kaɗai ba. Mataimakin koci ne a ɓangaren tsaro. Ranar Asabar, idan mutum dubu hamsin suka cika fili suna ihu, shi yana bakin layi da hula a juye, muryarsa ta dishe, yana ɗaga wa yaransa masu kwalkwali hannu. In sun tare da kyau, a yabi babban koci. In aka tsere musu, kowa ya san inda ake nuna yatsa.

A Alabama aka haife shi, ɗan mai gyaran taya. Ya buga ƙwallo har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji, sai ya koma koyarwa. To, ita wannan sana'a ba ta san sani ba. Ranar da aka kori babban koci, duk na ƙarƙashinsa ake haɗawa a watsar, mai laifi da marar laifi. Haka Cleon ya zagaye jami'a tara a jiha shida. Matarsa Verlene ta daina buɗe wasu kwalayen tun a ƙaura ta biyar, har yau akwai faranti na aurensu a naɗe cikin jaridar da ta yi ja don tsufa. 'Yarsu guda, Renita, makaranta bakwai ta yi kafin ta gama sakandare. Da ta samu kanta sai ta tafi can ƙarshen ƙasa ta zauna, ba ta kallon ƙwallo, kuma ba ta cika kira ba.

Abin da Cleon ya so a duniya bai fi guda ba: ya zama shugaban tsaro, mutumin da ke tsara yadda za a tsaya, wanda ke faɗa a yi. Ya san aikin, wannan ba wanda ya taɓa musawa. Sau huɗu kujerar tana zama babu kowa a inda yake aiki, sau huɗu ana ba wani, biyu daga cikinsu samari ne farar fata da shi ya koya musu nazarin bidiyon wasa. Kuma kullum da murmushi ake yanka shi.

"Haba Cleon, in muka ɗaure ka a ofis, wa zai hau mana hanya? Kai ne fa uwaye ke yarda da kai."

Gaskiya suka faɗa, kuma gaskiyar ce ta cuce shi. Duk shekara, da an gama wasanni, sai ya hau mota ya bi ƙauyukan Mississippi da Louisiana gida gida, yana neman yaran sakandare masu ƙarfi su zo jami'arsa su yi karatu kyauta su buga ƙwallo. Yaro ba shi da wuyar sha'ani, ka nuna masa riga mai kyau ka gama da shi. Uwa ce aiki. Cleon kuwa ya iya zama a kicin. Yana cire hula a ƙofa, yana cin abin da aka ba shi har ya nemi ƙari, ya san sunan fasto, ya san wanda ke kwance asibiti. Sauran masu yawon nan romon baka suke rabawa, shi kuwa bai taɓa yi wa wata uwa alkawarin da ya san ba zai cika ba. An sha korarsa ya bar yara a baya, amma bai taɓa zama a teburin mace yana sane da ranar tafiyarsa ya ɓoye mata ba. Ba shi da kujera, ba shi da gidan kansa, wannan kaɗai yake da shi, kuma yana ji da shi.

Yana da shekara hamsin da takwas babban kocinsa, Burdette, ya kira shi ofis wata Alhamis a ƙarshen Janairu. An sha kashi a wasa takwas a shekarar, Burdette ya tsira da ƙyar, da sharaɗin zai kawo sabon shugaban tsaro.

"Zauna, dattijo. Za ka sha kofi?"

"Faɗi abin da za ka faɗa, Koci."

"Sabon mutumin nan zai zo da nasa mataimakan, kujerarka ta tafi. Ka san yadda abin yake."

"Na sani. Yaushe?"

"Bayan Laraba." Burdette ya sosa wuya. Larabar farko ta Fabrairu ita ce ranar da yara ke sa hannu a takardar jami'ar da suka zaɓa, daga nan yaro ya ɗauru. "Kafin nan kada kowa ya ji. Ka je ka kawo min yaron nan Tavarius Crump. Kakarsa ba ta ɗaukar wayata, kai kaɗai take saurara. Ka kawo shi, ni kuma na yi maka magana da wani abokina a Tennessee, yana neman mutum."

"In ta tambaye ni fa?"

"Ta tambaye ka me? Cleon, don Allah kada ka zama fasto a kaina. Kowa haka yake yi. Kai ka san shekarunka. Wa ke ɗaukar mai furfura in ba a yi masa waya ba?"

Babu ƙarya a cikin tambayar. Cleon ya san tsofaffin abokan aikinsa da wayar ta daina yi musu ƙara. Ɗaya yana sayar da inshora, ɗaya yana gadin kanti.

Da ya faɗa wa Verlene, tana tsaye tana ninke tawul, ba ta ko juyo ba.

"Baban Renita, ni na gaji. Ka faɗa mata gaskiya mu koma Alabama, ko ɗaki ɗaya ne."

"In yi me a Alabama?"

"Ka zauna. Mutane suna zama, ba su mutu ba."

Shi kuwa bai iya zama ba, kuma tsoron zaman ya fi komai kama shi. Ranar Lahadi ya tuƙa awa biyu cikin gonakin auduga da aka girbe, yana haɗa magana yana warwarewa. Har ya tsaya a ƙofar gidan bai san wadda zai faɗa ba.

Mama Ozella Crump ta dawo daga majami'a ke nan, ko hularta mai fure ba ta cire ba. Shekara arba'in ta yi tana dafa abinci a makarantar firamare, ita ta raini Tavarius tun yana wata shida. Ta cika tebur da soyayyar tarwaɗa, da burodin masara, da ganye da ya dahu da naman alade. Yaron, ƙato kamar ƙofa, ya gaishe shi da hannu biyu.

"Koci, ka rame," in ji ta. "Matarka ta daina ba ka abinci ne, ko rashin cin wasa ne ke cinka?"

"Duka biyun, ranki ya daɗe."

"Zauna ka ci. Kai kuma Tavarius, sauke gwiwar hannu daga teburina, ba a gidan mahaukata ka tashi ba."

Aka ci, aka yi dariya. Da aka kusa gamawa sai ta aiki yaron ya kai wa maƙwabciya kwano. Ta jira ƙofa ta rufe, ta cire gilashin idonta ta ajiye kusa da faranti.

"Koci Pettway, ni ban san ƙwallo ba, mutum na sani. Yaron nan in ya yi fushi ba ya magana, sai ya daina cin abinci. Sai wanda ya lura. Tambaya ɗaya zan yi maka. In na ba ka shi, kana nan?"

Cleon ya dubi farantinsa. A zuciyarsa ya ga kantin da abokinsa ke gadi, ya ga kansa a kujera ranar Asabar yana kallon talabijin. Ya haɗiye yawu, ya ɗago ya dube ta cikin ido, irin kallon da ya shekara talatin yana ci da shi.

"Ina nan, Mama. Ni zan riƙe shi har ya gama."

 Ta mayar da gilashinta, ta fara tattara faranti a hankali.

"Shekaranjiya kocin wata makaranta ya zauna nan inda kake," ta ce. "Ya ce min ranar Alhamis za a sallame ka. Na ce masa ƙarya yake, na kore shi ko ruwa bai sha ba. Yau a majami'a 'yar ƙawata ta ja ni gefe. A ofishinku take aiki. Ita ta buga takardar wanda zai gaje ka."

Cleon ya yunƙura daga kujera. 

"Mama, bari in…"

"A'a, ba sai ka ce komai ba. Yaron zai sa hannu ranar Laraba. Tun Kirsimeti muka gama wannan maganar, don makarantarku ce kaɗai tsohuwar motata za ta iya kaiwa. Da kai da babu kai, can zai je." Ta goge tebur da tsumma. "Da ka ce min za ka tafi, da na tambaye ka wa zan kira a can in ya daina cin abinci. Shi ke nan abin da nake so. Yanzu ko ka faɗa min suna, me zan yi da shi?"

Ta naɗe masa sauran kifin a takarda, don ba ta taɓa barin baƙo ya fita hannu sake ba.

"A gaida gida, Mista Pettway."

Tavarius ya sa hannu ranar Laraba. Ranar Alhamis Cleon ya kwashe kayansa a kwali biyu. Burdette ya cika alkawari, ya yi wayar, aka ɗauke shi a Tennessee, mataimaki, ɓangaren tsaro, mai hawa hanya. Verlene ta sake ɗaure kwalayenta ta bi shi.

Babban kocin can ma kujerarsa rawa take, kowa ya san ba zai ga wata shekarar ba. A watan Disamba Cleon ya zauna a kicin ɗin wata mata mai aikin jinya, ya ci kazarta, ya yabi miyarta. Ta riƙe hannun ɗanta ta yi masa tambayar da duk suke yi. Ya ce mata yana nan, amsar ta fito sumul, ko haɗiye yawu bai yi ba, matar har da hawayen godiya.

Ya fito ya shiga mota, ya zauna da makulli a hannu yana jiran zuciyarsa ta yi masa ciwo. Ya jira har rana ta karkata. Da ya ga babu abin da ya zo, sai ya duba takarda ya ga gida na gaba mil ashirin ne, ya tada mota.