Ranar da Teku Ya Zagaye Surukata

Abubuwa da yawa sun same ni a ƙasar nan, na manta da wasu, wasu kuma da gangan na binne su. Amma ranar da na tsaya ina kallon ruwan teku yana zagaye surukata na kasa buɗe baki, wannan kam ko haƙorana sun zube don tsufa ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin muna zaune a unguwar Glenwood da ke garin Greensboro a nan Amurka, cikin wani ɗan gidan haya mai ɗaki biyu, maƙwabtanmu kusan duk ɗaliban jami'a. Ni ina aiki a wani sito inda ake loda kaya, matata kuma tana kitso a gida, muna da yara mata biyu. Sai mahaifiyarta ta zo mana daga Maraɗi za ta yi wata uku. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda ake zama da suruka. A gida abin da sauƙi, akwai zaure, akwai tsakar gida, ka gaishe ta daga nesa ka kama gabanka. To amma gida mai ɗaki biyu da banɗaki ɗaya fa? Sai muka zama gwanayen kauce wa juna. In ta ji motsina a falo ta koma ɗaki, ni kuma in ci abincina a tsaye a kicin. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ita ma a durƙushe daga bakin ƙofa, idona a ƙasa. Duk sauran magana ta bakin matata take bi, "ki ce wa Hajiya", "ki ce wa Malam", har ta ce mun mayar da ita gidan waya. Abokaina 'yan Gana da muke haɗuwa a masallaci suna ta yi mini tsiya, ni kuwa ina jin kaina, a ganina ni ne wanda Amurka ba ta canza ba.

Da yara suka samu dogon hutu na lokacin zafi, suka sa mu gaba sai an kai su bakin teku kamar yadda ake kai 'yan ajinsu. Matata ta ce ai gara a je tun Hajiya tana nan, tunda ba ta taɓa ganin teku ba. Muka ɗau hanyar Myrtle Beach, tafiyar kusan awa huɗu, Hajiya a kujerar baya tsakanin jikokinta suna yi mata surutu da Turanci tana amsa musu da Hausa, kowa yana ganin an fahimce shi.

Garin kuwa ba a rasa abin kallo. Akwai wata doguwar hanya ta katako a gefen ruwa, cike da shaguna da masu sayar da kayan zaƙi, akwai gada da ta shiga can cikin teku inda masu kamun kifi ke jera ƙugiyoyinsu, ga wani ƙaton lilo mai kama da ƙafar keke da ke ɗaga mutane sama su hango gari. Hajiya ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce wa 'yarta ita ba ta zo Amurka don a juya ta a sama ba. A gidan kifaye ne ta fi sakin jiki. Muka bi ta wani rami na gilashi, manyan kifaye suna yawo a saman kanmu, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi 'yarta a hankali ko duk waɗannan ajiye su kawai ake yi ba a ci. Na danne dariyata har sai da na yi tari.

Bakin ruwan ne ya zame mana fitina. Mutane ne birjik a kwance kan yashi, kayan da ke jikinsu ba su kai a kira su kaya ba. Ni na rasa inda zan ajiye idona, ita ma haka, ga shi kuma kowannenmu ya san ɗayan yana gani. Ban taɓa jin nauyi irin na wannan yinin ba.

Washegari bayan an ci abincin rana, yara suka ce sai an shiga jirgin ruwan da ke kai mutane kallon wasu manyan kifaye masu tsalle. Hajiya ta ce ita ƙafarta ba za ta taka jirgi ba, guiwoyinta ma suna damunta. Matata ta ce to ni in zauna da ita, ita za ta kai yaran, awa biyu ne kawai. Kafin su tafi Hajiya ta aiko mini da saƙo ta bakinta cewa tana son a kai ta inda babu mutane, ta yi salla ta sha iska. Na tuƙa mu zuwa can ƙarshen gari ta arewa, inda gine-gine suka ƙare, wani rafi yake shiga teku. Tana tafe a gaba da dardumarta da butarta, ina biye a baya da tazarar da ta dace.

A lokacin ruwa ya janye sosai. Can gaba akwai wani fili na yashi mai faɗi, fari tas, babu kowa a kai sai tsuntsaye. Tsakaninmu da shi wani ɗan kwari ne mai danshi, ruwan cikinsa ko idon sawu bai kai ba. Hajiya ta tattare zanenta ta tsallaka. Ni kuwa na san ruwan teku yana janyewa ya dawo, na karanta a wani allo a bakin hanya, matar da ke karɓar baƙi a otal ɗin da muka sauka ma ta faɗa mini. Na buɗe baki zan ce Hajiya kada ku je can, sai na fasa. Yaya zan hana surukata wurin da ta zaɓa? Na ce a raina ai sallar matafiyi ce, raka'a biyu-biyu, minti goma ta gama. Na zauna a wannan gefen na juya mata baya kaɗan don kada ta ga kamar ina kallonta.

Abin da ban lissafa ba shi ne lazimi. Hajiya 'yar ɗariƙa ce, in ta idar da la'asar takan ja mayafi ta rufe fuska ta kama carbi, kuma har ta gama ba ta magana da kowa. Alƙibla kuma ta sa ta fuskanci teku, kwarin yana bayanta.

Wani dattijon Bature mai kamun kifi ya zo wucewa da kayansa a kafaɗa. Ya dubi Hajiya, ya dube ni, ya ce in gaya wa mahaifiyata ruwa ya fara dawowa, wurin nan yakan cika da sauri. Na yi masa godiya ya wuce. Na juya, na ga kwarin ya zama rafi, ruwa yana shigowa ta gefe yana gudu. Maimakon in tashi, sai na ciro waya na kira matata. Wai ita za ta gaya wa mahaifiyarta, daga tsakiyar teku, abin da ni nake gani da idona. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, na tura saƙo, na sake kira. Na matsa bakin ruwan na yi gyaran murya, na yi sallama a hankali, iska ta kwashe. Na yi tunanin kiran masu agajin gaggawa, sai na hango jiniya da taron jama'a da ƙartin maza suna ɗaukar Hajiya, na ji ba zan iya jawo mata wannan ba. Duk wannan lissafin da nake yi, ruwa bai tsaya jirana ba. Wani ƙaramin dutse da na sa wa ido ya nutse, filin yashin ya ragu ya koma kamar tsakar gida.

Tsoro ne ya tura ni, ba hankali ba. Ban iya iyo ba ko kaɗan. Na shiga da wandona da takalmina, ruwan ya kai mini guiwa, yana jan ƙafata gefe. Da na haye na isa bayanta, wallahi sai da na ƙara tsayawa, ina jin ƙarar carbinta, ina fatan ta shafa da kanta. Sai da igiyar ruwa ta taho ta jiƙa bakin dardumar sannan na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri ku tashi. Ruwa ya zagaye mu."

Ta yaye mayafin ta waiwaya. Abin da ta fara yi shi ne ɗaga kai ta dubi sama. Babu hadari ko ɗigo, rana tana haske.

"Ina aka yi ruwa?" in ji ta.

A wajenmu gulbi ba ya kawo ruwa sai an yi ruwan sama a wani wuri, abin da ta sani ke nan duk rayuwarta. Na ce mata wannan ba sai an yi ruwa ba, haka yake yi kullum, kuma yanzu ya fara. Ta miƙe da ƙyar, muka nufi kwarin. Taku uku ta yi a ciki zanenta ya jiƙe ya naɗe mata ƙafafu, ruwan ya fizge ta ta yi baya za ta faɗi. Na cafke hannunta. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarta, ranar na fara sanin hannun nan ba shi da nauyi ko kaɗan. Na jawo ta muka koma kan yashi. Ta zare hannunta ta ce in haye in je in kira 'yarta, ita za ta jira.

Na dubi abin da ya rage na yashin. Na san kafin in kai mota ma ya nutse. Na durƙusa a gabanta na ba ta baya, na ce ta hau. Ta yi salati ta ja da baya, ta ce ita ba za ta hau bayan surukinta ba, gara ta tsaya ga abin da Allah ya rubuta. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba, na juyo na dube ta sosai, na ɗaga murya.

"Inna, ba zan tafi in bar ki ba. In kin tsaya, tare za mu nutse, jikokinki su rasa mu gaba ɗaya. Hau."

Ta dube ni. Sannan ta ɗaure carbinta a wuya, ta dafa kafaɗata.

Tsallakawar nan ba ta fi taku talatin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Ruwan ya kai ƙugu, ya wuce, yashin ƙasa yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata. A tsakiya na taka rami, ruwa ya zo mini har ƙirji, na sha wani mai gishiri, na ji mun tafi. Hajiya ta ƙanƙame wuyana har numfashina yana sarƙewa, tana ta addu'a a kunnena. Ban san yadda ƙafata ta sake samun ƙasa ba. Na dai ci gaba da ja, ina kallon wata ciyawa a ɗaya gefen, har na ji ruwan ya sauka zuwa cinya. Da muka fita na sauke ta, na zube a kan yashi. Takalmina ɗaya ya tafi, waya ta mutu a aljihu, darduma da buta kuwa muna kallo ruwa ya ɗauke su.

Muka zauna a gaɓa, tana matse bakin mayafinta. Inda ta yi salla ya zama ruwa shimfiɗe, kamar ba a taɓa yin yashi a wurin ba. Can ta tambaye ni, ba tare da ta juyo ba, tun yaushe na ga ruwan yana zuwa. Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce tun kafin ta tsallaka na san zai dawo, kuma tun tana cikin lazimi aka gargaɗe ni. Ta tambayi abin da ya hana ni magana. Na ce nauyinta nake ji.

Ta jinjina kai a hankali, sannan ta ce, "To da na mutu, mi za ka ce ma ɗiyata? Ka ce mata kunya ka ji?"

Hawaye ne kawai suka zubo mini, na bar su, tunda fuskata a jiƙe take.

Shekaru sun wuce, Hajiya tana nan da ranta a Maraɗi, kuma har gobe ina girmama ta, ina jin nauyinta kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Amma ranar nan ta koya mini cewa ashe ba ita nake karewa da shiruna ba, kaina nake karewa, don kada a ce ba ni da kunya, kuma saura kaɗan in biya wannan da ranta. Tun daga lokacin, in na ga abin da zai cuci mutum, ko wane ne shi a wurina, faɗa masa nake yi da bakina tun da wuri. In ya so ya ga rashin kunyata, ya gani yana raye.