Mangwaro Uku da Ɗakin Gilashi

Akwai wata Asabar ta watan Maris da ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam ba zan manta da ita ba. Ranar ce na kusa raba gidana da inuwa da bakina, alhali ina zaune a kan kafet a Birmingham ina jin kaina gwani.

Ni injiniyan gine-gine ne. Na yi shekara ashirin da 'yan kai a Manchester, kuma kusan aikina guda ɗaya ne: in hana ɗumi fita daga gida, in jawo hasken rana ya shigo. Wanda bai zauna a garin ba ba zai gane yadda mutum ke kwaɗayin rana ba. Ɗakin da na fara kamawa a Withington ina ɗalibi, tagarsa bangon maƙwabta take kallo. Gidan da muka saya daga baya a Old Trafford kuwa, bayansa arewa yake fuskanta, matata ta yi shanya ranar Litinin, Laraba ta kwaso kayan da danshinsu. Dillalan gidaje a can in suna son kambama gida, sai su ce lambunsa yana kallon kudu. Na sha jin wannan magana har ta zauna mini daram a kai.

Da yara suka kama gabansu, sai muka yanke shawarar komawa gida. Na sayi fili a bayan garin Kaduna, tsohon lambu ne, da manyan bishiyoyin mangwaro uku a jere ta yamma. Sau ɗaya tak na taka filin, a watan Agusta, ana yayyafi. Dama duk zuwanmu gida a Agusta ne, saboda hutun makarantar yara. Ban taɓa zama na lura ba cewa tun da na bar ƙasar ban sake ganin bazara da idona ba.

Zanen gidan ni na yi shi da hannuna, kuma abin da na fi ji da shi wani ɗaki ne na gilashi zalla, bango da rufi, yana kallon kudu maso yamma. Shi ne ɗakin da na yi shekaru ina hange a gidajen Turawa ina haɗiyar yawu. Matsalar ɗaya ce, mangwaron nan sun tare masa rana. Sai na buga wa maginina waya, wani dattijo mai sanyin hali, na ce a sare su.

Ya ce, "Yallaɓai, duka ukun?"

Na ce duka.

Ya ce, "To, ranar yamman nan fa..."

Na katse shi. "Malam, ni da kai wa ya karanci aikin nan?"

Ya ba ni haƙuri, ya ce ranar Asabar masu injin yanka za su zo. Har yau in na tuna amsar da na ba bawan Allahn nan sai kunya ta rufe ni.

A wannan Asabar ɗin muka ɗauki mota ni da matata muka nufi Birmingham gaida mahaifiyarta. Hajiya ta yi shekara uku a Small Heath wajen ɗanta likita, tun bayan rasuwar mijinta. Ba ta rasa komai ba, ga masallaci kusa, ga mahauta na halal a bakin titi, amma sanyi ya hana ta sakat. Kullum tana gefen hita da safa biyu a ƙafa. Mun yi mata alkawarin da ita za mu koma, da ɗakinta a sabon gidan, kuma ta fi kowa ƙosawa.

Tsakanina da Hajiya akwai kunya irin ta surukai, wadda zaman Turai bai rage ta da komai ba. Matata ce 'yarta ta fari. Ban da gaisuwa, Hajiya ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ina zaune a gabanta za ta dubi 'yarta ta ce, "A tambaye shi ko ya ci abinci."

Bayan gaishe-gaishe na baje zanen a tsakar falo. Ƙanin matata ya duƙa yana kallo ya ce, "Kai, wallahi conservatory ɗin nan ya yi! South-facing ne?"

Na ce, "South-west ma kuwa." Muka tafa, likita da injiniya, kowa ya gamsu.

Hajiya ba ta san kan zane ba, don haka hoton filin aka ba ta a waya tana dubawa. Can sai ta ce wa 'yarta, "A tambaye shi, a ina ake zama bayan azahar?"

Na ɗora yatsa a kan ɗakin gilashin. Matata ta yi mata bayani, ta ce ɗaki ne da rana za ta shigo ta ko'ina, har ta sama. Hajiya ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Mutum za a sa a ciki, ko kuɓewa?"

Aka kwashe da dariya, har da ni, duk da ban ji daɗi ba. Ta sake duban hoton ta ce, "To, da sauƙi dai tunda ga itatuwan nan, sa tare."

Matata ta kalle ni. Ni kuma na kalli kafet, na ce ai sare su za a yi, yau ma kuwa.

Sai Hajiya ta ajiye wayar, ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka ɗaura mana aure.

"Injiniya," ta ce, "wane wata muke ciki?"

Na ce Maris.

"Yaushe rabonka da Maris a gida?"

Na buɗe baki na rufe. Ta ce, "Ni shekara uku ke nan ina neman rana a garin nan ban same ta ba, amma ban manta halinta ba. Can ba a gayyatar ta gida, ɓuya ake yi mata. Wanda ya dasa itatuwan nan ta yamma ya san abin da yake yi. Kai in ka sare, ka iya dasa wasu ka jira. Ni kuwa ba ni da shekarun jiran mangwaro."

Falon ya yi tsit. A take komai ya dawo mini: yadda muke tsallake-tsallake a kan rairayi mai zafi in an aike mu ba takalmi, yadda bangon yamma na ɗakin babana ke huci har bayan magariba, yadda duk gidanmu ke tarewa ƙarƙashin darbejiya ɗaya tun daga azahar. Duk na san wannan. Sanyin Manchester ne ya binne shi, ni kuma na ɗora takardun shaida a kai.

Na dubi agogo, sha ɗaya ta wuce, can gida kuwa rana ta kusa take tsaka. Na zari waya na fita ko rigar sanyi ban ɗauka ba. Na tsaya a bakin titi ana tsattsafi, motocin bas suna wucewa, na kira bai shiga ba, na sake bai shiga ba. A na uku ya ɗauka, kuma kafin in ji muryarsa sai da na ji ƙarar inji a bayansa.

"A dakata! Malam, don Allah a dakata!"

Na ji ya ɗaga murya, injin ya mutu. Ya ce, "Yallaɓai, biyu dai sun riga sun kwanta. Babban ne ya rage. Na ce musu su bar shi ƙarshe, sannan na ja su muka sha fura, ko Allah zai sa ka kira."

Na ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa masa, ya ce ba komai, ya wuce. Na koma ciki jiƙe, na faɗa wa matata abin da ake ciki. Hajiya ta riga ta mayar da fuskarta wajen hita kamar ba ita ta yi magana ba. Ta ce wa 'yarta, "A ce masa ɗaya ma inuwa ce. A kuma zuba masa abinci."

Na sake zanen, na saka baranda mai faɗi, na ƙanƙanta tagogin yamma. Ɗakin gilashin kam girman kai bai bar ni na soke shi gaba ɗaya ba, rage shi kawai na yi. Sau ɗaya na gwada shan shayi a cikinsa a watan Afrilu, ban kai rabin kofi ba na fito. Yanzu matata ce ke shanya kuɓewa da tattasai a ciki, kuma wallahi suna bushewa da kyau.

Hajiya ta yi bazara biyu a gindin mangwaron nan, da tabarmarta da carbinta da rediyonta, ƙafafunta babu safa. A damina ta gaba Allah Ya karɓi abarsa. Na dasa biyu a gurbin waɗanda na sare, yau ga su nan ba su wuce kafaɗata ba, inuwarsu ko akuya ba za ta isa ba.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya daɗe a wata ƙasa, yakan koma gida da maganin ciwon can, ya manta na gida daban ne. Don haka duk wanda ya zo mini da zanen gidan da zai koma, abu biyu nake faɗa masa: ya je ya tsaya a filin da azahar a watan da ya fi zafi, kuma kafin ya sa a sare komai, ya tambayi wanda ya fi kowa tsufa a cikin masu zama gidan.