Manhajar Sabi'u da Na Sa Aka Kulle

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Sabi'u. Duk sanda aka saki ruwan noman rani a babbar magudana sai ya faɗo mini a rai, domin a irin wannan lokaci muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa. A bana na ga addu'a a ɓoye ba ta ishe ni ba, gara in faɗi abin da ya daɗe yana cin raina.

Sabi'u shi ne ɗan gidanmu da ya ƙi gona ya kama kwamfuta. Har mahaifinmu ya bar duniya bai gane sana'arsa ba, in an tambaye shi sai ya ce, "Yana nan yana danne-danne." To, danne-dannen nan ne ya raba faɗa tsakanin manoma daga Kura har wasu ƙauyukan Bunkure. A da, rabon ruwa sai an kai ga ɗaga sanda. Na bakin magudana su sha su ƙoshi, na ƙarshe su zuba wa tumatirinsu ido yana yaushi. Sabi'u ya rubuta manhaja a intanet mai tsara wa kowa ranarsa da sa'arsa, ta tura masa saƙo a waya. Ofishin gwamnati mai kula da ruwan ya karɓe ta, ya bar masa aikin kula da ita.

Ba fasaha kaɗai ta sa ta karɓu ba. Sai da ya yi watanni yana zama da dattawa a gindin bishiya, yana kwashe al'adunmu na rabo yana zubawa a ciki. Ba a sa wa mutum layin ruwa a lokacin tafiya masallacin Juma'a. Gidan da aka yi rasuwa, maƙwabci ne zai sha a ranarsu, su kuma su sha a tasa bayan an tashi daga zaman makoki. Mai sabon dashe yana gaban wanda shukarsa ta riga ta kama ƙasa. Babu takardar da aka rubuta waɗannan, a kan tsofaffi suke, sai kuma a cikin manhajar Sabi'u.

Wata rana ya same ni a injina na casar shinkafa riƙe da takarda. Hukuma ta yanke shawarar komawa ga buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda ake baje rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya ɗauka kyauta. Masu yi mata aiki irinsa, ko su buɗe tasu, ko a kawo wata.

Ya ce, "Yaya, ni fa ina ganin zan buɗe musu."

Na ce, "Kai Sabi'u, karatun nan ya taɓa maka kai ne? A garin nan wa ka taɓa gani ya baje sirrin sana'arsa a faranti kamar gyaɗa? Ni nan in zan saita injin don kada shinkafa ta karye, kowa nake kora waje in ja ƙofa."

Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, wannan ba kamar injinka ba ne. In na ba wani, nawa bai ragu ba."

Na ce, "Ranar da 'yan Kano suka karance ta tas, wa zai ƙara nemanka? Iyali gare ka."

Ni da ban san komai a kwamfuta ba banda wajen kunnawa, ni na yanke hukunci a kan aikinsa. Shi kuwa bai taɓa musu da na gaba da shi ba. Ya ninke takardar, ya je ya roƙi ofishin su ƙara masa lokaci. Kafin lokacin ya cika zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida ya ce ga garinku nan.

Kwamfutarsa na kulle da lambar sirri, babu wanda ya san ta, har matarsa. Manhajar ta yi 'yan watanni tana aiki, sannan ta tsaya, aka rasa mai gyara. Ofishin ya kawo sabuwa daga birni, mai kyau, mai sauri, amma ba ta san Juma'a ba, ba ta san makoki ba. A ranin nan Malam Ila, mai gona a ƙarshen magudana, ya rasa mahaifiyarsa. Layinsa ya wuce yana zaune yana karɓar gaisuwa, dashensa ya ƙone ƙurmus. Na je masa jaje, amma ban iya haɗa ido da shi ba.

Ba zan ce tsorona na banza ba ne. Cikin abokan Sabi'u masu irin aikinsa, akwai wanda sauyin nan ya raba da abincinsa, yanzu adaidaita sahu yake ja tsakanin Kura da Kano. Duk wanda zai yabi tsarin, ya tuna da irin su. Amma akwai waɗanda suka buɗe tasu, kuma har yau su ake kira in abu ya lalace, domin kowa ya ga hannunsu ya yarda da shi. Kuma saboda sabuwar a buɗe take, wata injiniya daga ofishin ta zo ta zauna da dattawan da suka rage, ta riƙa mayar da al'adun nan ɗaya bayan ɗaya. Rani huɗu aka yi kafin a dawo inda Sabi'u ya riga ya kai mu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Zai yi murna da injiniyar nan, wannan ba na shakka. Ni kuwa ba zai ce mini "Ka gani ko, Yaya?" ba, sosa ƙeya kawai zai yi ya tambayi lafiyar injin. Wannan kawaicin nasa ya fi yi mini ciwo. Adalcin da ya koya mana a rabon ruwa yana nan, manoma suna cin moriyarsa, da yawa ba su ma san sunansa ba. Aikin hannunsa kuwa ni na sa aka binne shi tare da shi.

A hutun da ya wuce babbar 'yarsa Hauwa'u, wadda ke karatun kwamfuta a jami'a, ta zo gaishe ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Baffa, a makaranta rubutun masu manhaja ake ba mu mu karanta, har na mutanen ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Malaminmu ya ce ana gane halin mutum a yadda yake rubuta manhajarsa. Ina so in karanta na Abba. A ina ya ajiye?"

Ban ɓoye mata komai ba. Na gaya mata mahaifinta ya so ya buɗe, ni na hana shi. Ta ɗago ta dube ni.

"Baffa, ko layi ɗaya babu?"

Na ce mata babu.