Gawayin Yaya Sule Ya Je Samaru

Dayi. Ƙarfe biyar da rabi na asuba na hau motar gyaɗa da rabin buhun gawayi. Na wana ne, Yaya Sule. Bara ya ga masara ta yi tsawon mutum biyu a jujin maƙera, inda suke zubar da burbushin gawayi, sai ya rantse bana gawayi zai zuba a gonarsa maimakon takin zamani. Damina saura mako uku, gonar nan kuwa ita ke ciyar da gidan. Ni malamin aikin gona ne, na ce a auna tukuna.

Funtuwa. Daga Malumfashi mil talatin, muka iso ƙarfe takwas, na karya da ƙosai. A shingen bakin gari ɗan sanda ya leƙa buhun.

"Malam, Zazzau ba su da gawayi ne?"

"Suna da shi, ranka ya daɗe. Wannan jarrabawa zai zauna."

Samaru. Sha ɗaya da kwata na shiga ɗakin gwaji wajen Mista Bulus, abokin karatuna. Tambaya biyu gare mu: nawa ne naitiret, gishirin da masara ke ci, a cikin gawayin, kuma yana iya riƙe shi in ruwa ya ratsa? Ya daka, ya tankaɗe, ya jiƙa, ya tace, ya ɗiga magani. Ruwan ya yi rawaya fatau, alamar gishirin ya yi yawa a ciki. Har na fara shirya yadda zan ba Yaya haƙuri.

"A me ka zubo shi?"

"Buhun taki mana. Da wane buhu ke gare mu?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Buhun muka auna, Malam!"

Ya wanke gawayin sau uku, launi ya ɓace. Ya shayar da shi gishirin da gangan, ya sake ratsa ruwa: kaɗan ya riƙe. Na kwana biyu a ɗakinsa, muka maimaita, amsa ɗaya.

Dayi kuma. Na sauka da la'asar, na faɗa wa Yaya komai.

"To, masarar juji fa, Malam mai kwalba?"

"Ina masu kawo gyaran garma ke ɗaure jakunansu?"

Nan take ya gane: kashin jaki ne, ba gawayi ba. "Gobe ka karɓo mini taki. Kada maƙera su ji, na riga na gode musu."

Alhamdulillahi da na dawo lafiya. Mista Bulus, Allah ya saka da alheri.