Akori-kurar Juwai Mai Mazarƙwaila

Duk wanda ya saba cin kasuwar Makarfi ranar Laraba ya san Juwairiyya mai mazarƙwaila, ko da bai san sunanta ba. Gajeriya ce, hannuwanta duk tabon ƙunar kasko, kuma ba ta ragi. In ka taya kayanta da wasa, kallo ɗaya za ta yi maka ka nemi hanya. Mutanen ƙauyensu, can wajen Gubuchi, suna cewa Juwai ba ta mantuwa. Da tsoro suke faɗin haka.

Tun tana amarya take harkar rake. Takan sayi gona guda a tsaye a fadamun Kudan, a sare, a matse, ta tsaya kan wuta da kanta har ruwan ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanoni. Jigilar kaya ce ke cin ranta, don direbobi sai sun ga dama. Rannan ta fusata ta sayar da bijimanta biyu, ta sayi wata tsohuwar akori-kura shuɗiya a Ikara. Mijinta Yahya ya iya tuƙi, shi ya riƙe makulli. Ranar yin takardu ya ce, "Dukiyarki ce, sunanki za a sa." Haka aka yi.

Shekara shida suna wannan harka, sai zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Yahya. 'Ya ɗaya suka haifa, Rahmatu. Juwai ta shiga takaba, ba fita ba shiga, kuma a cikin watannin nan ne aka raba gado. Aka jera motar cikin kayan mamaci, ta faɗa hannun ƙanensa Saminu. Ta aika daga ɗaki cewa motar tata ce. Saminu ya yi dariya a zaure, ya ce, "Wa ya taɓa ganin ta a bayan sitiyari?"

To, a nan ƙasar wa ke duba takardar mota? Mota takan canza hannu sau biyar da musabaha da shaidu, sunan mutumin farko na nan a kai, wani lokaci ma ya daɗe a ƙasa. Duk shekara a miƙa wa ɗan kamasho a tasha, ya je ya sabunta ya dawo, a cusa a aljihun mota. Saminu ya san sunan da ke ciki sarai, bai dai ɗauke shi a bakin komai ba.

Da ta fita takaba ta ɗaura ɗamarar kai ƙara. Surukarta, tsohuwar da ta haifi Yahya da Saminu, ta kama mata ƙafa tana kuka. "Na binne ɗaya, kada ki ja mini ɗayan gaban alƙali ina raye." Juwai ta haɗiye, ta yi mata alkawari. Wallahi da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ta haƙura.

Amma ɗan banzan bai bar shi a nan ba. Wata Laraba a ƙarshen bazara tana tsaye a mararrabar da hanyarsu ta haɗu da titi, da kwando tara na mazarƙwaila, hadarin ruwan farko ya haɗo baƙi ƙirin. Sai ga shuɗiyar mota, bayanta wayam, ko buhu babu. Ta ɗaga hannu. Saminu ya rage gudu, ya leƙo, ya dube ta sama da ƙasa.

"Mota ta cika," ya ce, ya taka mai.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tana tsaye tana kallon wahalar wata guda tana narkewa, tana bin ƙafafunta ja-ja-ja zuwa kwalbati. Ba ta yi kuka ba. Ta tsani Saminu ranar, tsana mai tsabta, ta adana ta kamar yadda ake adana iri.

Shekara tara tana hawa motocin haya tare da awaki. Ta aurar da Rahmatu ga Maiwada, wani direba mai kunya da ke tuƙa motar wasu. Bara tsohuwa ta rasu, Juwai ta yi mata wanka da hannunta, alkawari kuma ya sauka daga wuyanta. Duk da haka ba ta yi gaggawa ba.

Bana sai rediyo ta fara maganar wai ana shawarar sauya dokar rajistar motoci a jiha. Wai nan gaba ba mai sabunta takarda sai wanda sunansa ke kai ya zo da ƙafarsa da katinsa ya dangwala yatsa, kuma kuɗin canjin suna zai ninka. Juwai, da rediyonta ba ya mutuwa a gefen murhu, ta ji kalmar da kyau: shawara. Amma kafin maganar ta iso tasha ta yi ƙafafu da fikafikai. Wai wata mai zuwa za a fara kwashe motoci. Direbobi suka bazama neman mutanen da suka sayar musu da mota shekara goma baya, har da masu tambayar hanyar maƙabarta.

Da hantsi sai ga Saminu a ƙofar gidanta da ledar goro da turmin atamfa. Ya durƙusa, mutumin da ko a gaisuwar Sallah ba ya tako nan.

"Yaya, barka da hantsi. Ya gida, ya ƙoƙari? Ya yaran?"

"Lafiya lau. Yau kuma hanya ta ɓace maka ne?"

Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya sauka kan zance. Yatsa ɗaya kawai yake roƙo, a mai da takarda sunansa kafin doka ta kama. Da motar yake ci da mutum goma sha ɗaya, in aka kwashe ta ya shiga uku.

"Ba komai," in ji Juwai. "Laraba sai mu je. Ka zo da dattijon tasharku ya yi shaida, kada gobe a ce an yi a ɓoye."

Shi kuwa wawan har da godiya.

Ran Laraba ya buɗe mata gidan gaba da hannunsa. Rabonta da kujerar nan tun Yahya na da rai, har yanzu ga ramin da marigayin ya yi a jikin ƙofa da gwiwarsa. Malam Inuwa, dattijon tasha, ya zauna a gefe, Maiwada kuma ya hau baya wai zai kama mata kwanduna.

A ofishin lasin layi har waje. Da aka zo kansu, ma'aikacin ya buɗe tsohuwar takardar ya karanta sunan, ya ce, "Wace ce wannan?"

Saminu ya yi caraf. "Ga ta nan, ranka ya daɗe. Ita ce mai motar tun asali, da bijimanta ta saya. Kowa ya sani."

"Malam Inuwa, ka ji ko?" in ji Juwai, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Na ji."

Ma'aikacin ya juyo gare ta. "Baba, kin sayar masa ne, ko kyauta kika ba shi?"

"Ban sayar ba, ban bayar ba. Sabunta mini ita da sunana, ɗana. Ga katina."

Kai, jama'a! Saminu ya fara rantse-rantse yana kiran gado. Malam Inuwa ya girgiza kai. "Da bakinka ka faɗa, a gaban mutum talatin. Abin da ba na Yahya ba ne ba ya shiga gadon Yahya. Ba ta makullinta, kada ka ƙara kunyata mu." Saminu ya miƙa mata makullin, ita kuma ta miƙa wa Maiwada.

Masu ba da labari suna ƙarawa wai an yi ruwa ranar. Ƙarya ce, rana ake ƙwallawa mai fasa kai. Dokar kuwa har yau tana can ana ta jin ra'ayin jama'a, ba wanda ya sa mata hannu, kuma Juwai ta san haka tun ranar da Saminu ya durƙusa mata.

Da yamma ta sayar da kayanta tas, suka kamo hanyar gida, bayan mota wayam. A mararrabar nan suka tarar da Saminu tsaye, ya sauka daga wata motar, yana jiran abin da zai ƙarasa da shi ƙauye. Ya ga shuɗiyar mota, hannunsa ya ɗagu da kansa. Maiwada ya rage gudu, ya ce a hankali, "Inna, a ɗauke shi?"

Juwai ta leƙo ta taga, ta dube shi sama da ƙasa, ba ta gaggauta ba.

"Mota ta cika," ta ce.