Zaren da Inna ta ajiye

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji uku, Inna ta ce in sa rigar sallata, za mu kasuwar Treichville. Daga Adjamé, unguwarmu a nan Abijan, muka hau bas, muka ƙetare gada, ruwan tabki a ƙasa kamar ruwan wanke-wanke. A kasuwa ba ta tsaya wurin atamfa ba, ba ta ko kalli mai suyar ayabar nan, aloko, ba, duk da jan zaninta da nake ta yi. Kai tsaye muka nufi wani tsoho ɗan Senegal mai sayar da zare. Ya warware wata farar takarda, ya ɗaga ƙullin zaren zinariya a haske, ni kuwa na saki baki. Inna ta juya shi a tafin hannu, ta ce, "Wannan ba na mutane ba ne, nawa ne." Ban taɓa jin ta ce wani abu nata ne ba sai ranar.

Sana'ar Inna ɗinkin fure ne a zanin gado da rigar matashin kai. Gidan haya muke, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, Hausawa da Julawa da Baule kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Da asuba mu bi layin ruwa, in mun taso makaranta mu yi carafke da tsallen igiya a tsakar gida, muna ta zuba Faransanci, ita kuwa tana gindin bango a kan kujera 'yar tsugunno, kai a sunkuye. Wuyan nan nata na fi tunawa da fuskarta. Matan unguwa su kawo aiki, kowace tana son launi goma a zani ɗaya, Inna ta yi musu, in sun fita ta ja tsaki. Ita a wurinta launi uku sun ishi mai hankali. Takan ce, "Shunayya ƙasa ce, kore shuka, zinariya kuwa gishiri. In ya yi yawa, miya ta ɓaci." In na ce mata sunan shunayya da Faransanci biyole ne, sai ta ce in kai wa malamin makarantarmu.

Akwai wani zani nata na kanta, shunayya mai duhu, na gado, wanda za ta shimfiɗa a ɗakinta in mun koma Madawa, garin da aka haife ta. Baba yana sayar da tsire a bakin titi, kullum zancensa baɗi za mu koma, baɗin da ba ta taɓa zuwa ba. Inna ta zana rassa a zanin, tana cika ganyen da koren zare, tsakiyar kowane fure kuma ta bar shi fili. Zaren zinariya ta sa shi a gwangwanin madara, ta tura ƙarƙashin gado. Na sha roƙonta ta ɗinka ko fure ɗaya in gani, ta ce ba a sa zinariya sai ganye ya cika, don gumin hannu yana dusashe ta. To, ganyen ne ya ƙi cika. Ta ɗauko shi ke nan wata za ta yi sallama da aikin biki na gaggawa, sai ta ninke nata ta mayar. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, har nakan ƙi gaishe da matan.

Ina ajin ƙarshe a sakandare ta ɗinke ganye na ƙarshe. Lokacin idonta ya fara rauni, ni nake sa mata zare a allura. Ta wanke hannu da sabulu, ta ce in jawo gwangwanin. Murfin ya yi tsatsa, sai da cokali na ɓamɓare shi. Zaren ya yi baƙi ƙirin, danshin Abijan ya cinye shi tun ba mu sani ba, ina taɓa shi yana tsintsinkewa. Na fashe da kuka. Inna ta dubi zaren, sannan ta yi wata 'yar dariya ta gajiya, ta ce, "Abijan ta ci wannan ma." Na ce Asabar zan sayo mata wani. Ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Idon da zai ɗinka shi ma ya tafi." Ta ninke zanin, ta tambaye ni ko na ɗora ruwan tuwo.

Ba ta koma Madawa ba, a nan muka binne ta. Yau ni ma da launi nake cin abinci, ina zana katin biki da allon shago a kwamfuta, a wani ɗan ofis a unguwar Belleville, nan cikin Treichville. Sau da yawa akan ce a haɗa shunayya da kore da ruwan zinariya, in danna sau ɗaya su zauna daram, zinariyar da ba ta san danshi ba. In mai aiki ya ce a ƙara ƙyalli, nakan ji tsakin Inna a bakina. Da yamma in koma gida wuyana yana ciwo irin nata. Zanin yana kan gadona, ganye ya cika, furannin babu tsakiya. Zare yana nan a kasuwa, ƙafa ma za ta kai ni, amma ban taɓa sayowa ba. Abin da na daina kawai shi ne ajiye nawa sai na gama na mutane.