Ba Kashim, Kafintan da Ke Fara Yanka Katako a Cikin Gilashi

In ka idar da sallar asuba ka bi ta bayan kasuwa a Diffa, za ka tarar Ba Kashim ya riga ka fitowa. Ya share gaban rumfarsa, ya jera zarto da guduma, ya ɗora shayi, sannan ya yaye tsohon zanen atamfar da yake lulluɓe ordinatar, wato kwamfutarsa, da shi, a hankali kamar mai tada jinjiri. In akwai kuran, wato wutar lantarki, madalla. In babu, sai ya ce yau ranar gumi ce.

Tun shekarun casa'in yake kafinta, bencinan lakwal, wato makarantar boko, da ƙofofin da ya yi ba su ƙirguwa. Amma akwai abin da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Katako baƙo ne a garin nan, daga kudu yake ƙetaro kogin Komadugu, don haka babu maigidan da zai miƙa wa ɗan koyo zarto. Mutum ya shekara yana riƙe bakin katako, bai taɓa yanka ko ƙafar kujera ba. To yaushe zai iya?

Wajen 2007 wani ɗan ƙanwarsa mai aikin proje na raya ƙasa ya bar masa tsohuwar ordinatar da wani shirin zane a ciki. Ba Kashim bai yi nisa a lakwal ba, da 'yan hotunan gefe ya koya, yana latsawa yana ganin abin da zai faru. Ni ma son gani ya kai ni. Na ga tebur a cikin gilashi yana juyawa, an kifa shi, an zare masa ƙafa an mayar. Na ce, "Ba Kashim, ina tebur ɗin yake kwana in ka kashe?" Ya ce shi ma bai gama bincike ba.

Nan ya fara zaunar da 'yan koyo. Ka yanka a gilashi, ka ɓata, ka sake, babu katakon da ya yi kuka. Sai ka iya a can zai ba ka na gaske.

Cikinsu har da Gana, magidanci mai furfura a gemu, manomin tattasai daga Assaga wanda kogi ya cinye wa gona. Aikinsa na farko almuwar ce, wato kabad ɗin jera kwanuka, ta wata amarya a ƙauyensu, kuma mai aikin ita ce Ya Aisa, gwaggon amarya, wadda bakinta ya fi zarto kaifi. A ƙauyukan bakin kogi kowa ya san abin kunyar nan: a kawo almuwar ranar jere ta ƙi shiga ɗaki, kwanuka a zube a waje, dangin ango suna kallo, sai an fasa bango. Kafintan da aka fasa bango saboda shi ya gama sana'a a wannan yanki. Gana kuwa ba shi da wata gonar da zai koma.

Ya zana almuwarsa, ya zana ƙofar ɗakin yadda aka koya masa, ya tura, ta shige sumul. Ya miƙe zai ɗauki zarto.

Ba Kashim ya ce, "Dakata, manomi. Yaushe ka auna ƙofar nan?"

"Da bazara, ranar da aka sa rana."

"Bikin fa?"

"Sai an sayar da tattasai."

"To tsakanin nan da can damina ba ta wuce ba? Kai da kake ɗan Assaga, me kuke yi wa dokin ƙofa in ruwa ya fara shiga ɗaki?"

Gana ya koma ya zauna. Shi da hannunsa yake ɗora wa nasa laka duk shekara. Ba Kashim ya ja dokin ƙofar cikin gilashi ya ɗaga shi taƙi guda, ya ce ya sake turawa. Kan almuwar ya daki saman ƙofa.

"Kada ka ga laifinta," in ji Ba Kashim, yana nuna ordinatar. "Ita ba ta taɓa zuwa Assaga ba."

Suka raba almuwar gida biyu, sama ta hau ƙasa da turaku. Da Ya Aisa ta ji, ta hau mota ta zo da kanta. Ta ce, "Kashim, 'yar tawa ce za a kai wa kaya gutsi-gutsi kamar naman layya?" Ya ba ta kujera, ya ce Gana ya nuna mata. Gana ya haɗa, ya raba, ya shigar, ya sake haɗawa. Ta matso har hancinta na taɓa gilashi, ta ce a juya mata bayanta. Aka juya. Ta ce a ƙara bene ɗaya na tasoshi. Sannan ta tambaya ko akwatin nan zai iya nuna mata halin angon.

Waɗanda suka je jere sun ce an ɗaga dokin ƙofar kuwa, har ya fi taƙi. Almuwar ta shiga, bango na tsaye, Gana ya dawo da aiki biyu a hannu.

Ba Kashim, kai ne maigidan da bai ɓoye wa na ƙasa sirrin sana'a ba. Gagara gasa, mai koyar da furfura ba tare da ka kunyata ta ba. Bana ido ya fara yi maka gardama, ka ce za ka koma gefe ka bar wa Gana rumfa. Mun gode, Allah ya saka, ya ƙara wa idon haske.

Ku kuma masu sana'a, teloli da makanikai da magina, ba sai kun mallaki ordinatar ba. Ku samar wa na bayanku inda za su ɓata, tun kuna da ran gyara musu.